Kyanwar da Tanimun Ya Bari

Ni Hadiza ban taɓa son kyanwa ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. An sha gaya mini cewa ƙanwata Zalika ba ta da lafiya a Malbaza, ina cewa mura ce. A shekarar farin nan da shanu suka ƙare na hau mota daga garinmu Dogarawa na je da kaina, gani ya kori ji. Wari ne ya fara yi mini maraba tun daga tsakar gida.

Mijinta Tanimun direban motar siminti ne. Shekara biyu ke nan da motar ta kife da shi can wajen Dogondutsi, mutanen ƙauyen da ke kusa suka yi masa sutura kafin labari ya iso. Zalika ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, hularsa kawai aka kawo mata. Allah bai ba su haihuwa ba, sai wata farar kyanwa da ya tsinto tana ƙarama, ya sa mata suna Taƙama. Kyanwar nan ta san kukan motarsa. Da ta ji shi sai ta ruga bakin hanya ta tarye shi, abin kuwa yana tayar masa da hankali, don hanyar ba ta rabuwa da manyan motoci. Ranar tafiyarsa ta ƙarshe ya saka ta ɗaki da hannunsa, ya ce wa matarsa, "Ki ruhe ta. Kar ta hita sai na komo."

Ta rufe ta. Wata huɗu da kwana goma ta yi tana takaba, ita da kyanwar a ɗaki ɗaya. Takaba ta ƙare, Zalika ta fito ta ci gaba da dafa abincin da take sayar wa ma'aikatan kamfanin siminti, amma kyanwa ba ta fito ba.

Sannan ga akushi. A gidanmu tuwon maigida ake fara kwashewa kafin kowa ya ɗanɗana, haka uwarmu ta koya mana. Zalika ba ta daina ba. Kullum sai ta kwashe malmala biyu a akushinsa, ta zuba miya, ta zaɓo kifi mai kyau ta ɗora, ta ajiye gaban buzun da yake salla a kai. Mutane na tonon gidan tururuwa neman hatsi a daji, kyanwa na cin rabon namiji magidanci.

Da na tura ƙofar ɗakin sai da na ja baya. Taƙama na kwance kan buzun, ta zama kamar salkar da aka cika da ruwa. Ƙiba ta hana ta juyawa ta lashe bayanta, gashin ya cure ya koma ruwan ƙasa, ƙuma na yawo a ciki, ga gyambo a gindin wutsiya. Kaskon yashin da take kashi a ciki yana lungu, an kwana biyu ba a zubar ba. Gashi kuwa ko'ina, kan tabarma, bakin randa, har jikin rigar Tanimun da ke rataye a ƙusa.

Zalika na zaune bakin gado, idanu jajur, hanci na zuba. Numfashinta fito yake yi.

"Yaya, kin zaka?" ta ce.

"Na zaka, na ga abin da kinka maida kanki. Wanga ɗaki na mutum na ko na mussa?"

"Shi yac ce kar ta hita."

"Zalika, wanda yam mutu ba shi komowa."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta ce, "Kin ga gawatai? Ni ban gani ba."

Washegari na ja ta zuwa asibiti a Konni. Likita ya saurari ƙirjinta, ya ce fuka ce, ya tambaya ko tana kwana da dabba. Da na ba shi labari ya ce gashin kyanwar ne ke toshe mata ƙirji. Ya ba da magani, amma ya faɗa mana a fili cewa in ba a raba su ba, wata rana numfashin zai tsaya bai dawo ba. Zalika ta yi masa godiya da ladabi, muka fito, ta tsaya a kasuwa ta sayi kifi.

Kada a ce ban gwada lallami ba. Kwana ashirin na yi a gidan. Na wanke kyanwar da ruwan ɗumi da sabulun salo, ta yakushe ni har jini, na zage ta har kakanninta. Na aske curarren gashin da reza, na shafa wa gyambon man kaɗe. Yashin kasko safe da yamma nake sauyawa. Tabarma da bargo suka sha rana. Na rage akushi ya koma rabin malmala, na ɗaura tsumma a bakin kara ina ja mata ko za ta motsa jiki, ta bi shi da ido kawai. Ashe in na juya baya Zalika na cika akushin.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Kullum bayan la'asar, lokacin da Tanimun ya saba dawowa, kyanwar takan ɗaga kai ta kafa wa rufaffiyar ƙofa ido. Daga nan sai idon ya taso a hankali, ya ratsa tsakiyar ɗaki, ya tsaya wajen ƙusar da rigar take. Sai ta matsa gefen buzu, ta bar wuri, ta fara gurnani. Rana ba ta ko faɗi ba fa, ga hayaniyar yara a waje. Zalika kuma takan gyara ɗankwali. Sau uku na gani, na huɗu ban yarda la'asar ta same ni a ɗakin ba, don tsoro nake ji.

Ranar da haƙurina ya ƙare, Zalika ta faɗi tana cikin tuƙa tuwo. Leɓɓanta suka yi baƙi, tana kama wuyana tana neman iska. Na yi ta kiran sunan Allah har ta dawo. Abin da ta fara tambaya shi ne ko an kai akushi.

Kashegari da hantsi, da ta ɗan ji ƙarfi ta ɗauki abinci ta tafi wajen ma'aikata, na buɗe ƙofar ɗakin na tokare ta da turmi. Ban kori kyanwar ba, Allah ne shaidata. Niyyata ta sha iska, ta saba da tsakar gida, sannan in saka ta kwando in tafi da ita Dogarawa. Ta daɗe tana kallon hasken, sannan ta taso da ƙyar ta zauna a dokin ƙofa tana ƙifta ido. Har na ji tausayinta.

Sai ga kukan babbar mota daga wajen kamfanin siminti, tana sauya giya a daidai kwanar gidan. Kyanwar da ko tsumma ba ta iya bi ta miƙe. Ta wuce ni, ta bi ta zaure, cikinta na jan ƙasa. Na bi ta ina ihu. Ta isa tsakiyar hanya ta tsaya, wutsiya a sama, kamar yadda aka ce takan yi. Da can takan yi tsalle ta kauce. Wannan karon jikin ya ƙi tashi, direban ma bai san ya taka komai ba.

Ina tsugune ina naɗe ta a zanena Zalika ta iso da kwano a ka. Na zaci za ta yi kururuwa, ko ta mare ni, da ma ta yi. Ta sauke kwanon, ta dubi zanen, ta dubi ƙofar ɗakin da ke buɗe.

"To, Yaya," ta ce a hankali, "in ya komo, mi za ni ce mai?"



Kafin kwana arba'in ƙirjinta ya washe, fiton ya tafi, idanun suka yi fari. Likitan ya yi gaskiya, ni ma na yi gaskiya, kuma ƙanwata tana nan da ranta. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Akushin ne dai ba ta daina kwashewa ba, sai ya kwana gaban buzu ta ba awaki da safe. In la'asar ta yi, takan fita bakin hanya ta tsaya da kanta.

Ni kuwa da ba ni da kyanwa, ban taɓa yi ba, ba na iya jin kukan babbar mota ban tashi na rufe ƙofa ba.