Hanyar Gawa ta Falon Sukirno

"Ba zan buɗe ba," in ji Sukirno, ya ƙara danna sakata. "Ya je ya fita ta cikin kwamfutarsa."

Mai unguwa yana waje yana sharce gumi, ya kira shi da laƙabin girmamawa. "Haba Mas Kirno, gawa ce fa! Ga rana tana yi."

Lungunsu matsattse ne, akwai kwanar da makara ba ta iya juyawa. Tun zamanin kakanni, duk wanda ya rasu a can ciki, ta gidan su Sukirno ake fitar da shi: a shigo ta ƙofar baya, a ratsa falo, a faɗa titi. Ba a taɓa hana kowa ba sai yau.

Mamacin kuwa Pak Hendarto ne, maƙwabcinsa, malamin jami'a. Ya tsufa yana koyar da zanen injiniya, daga baya ya gina kwatankwacin birninsu kaf a cikin kwamfuta, har da magudanai. Da hukuma ta tashi faɗaɗa kogi saboda ambaliya, shi aka ce ya ja layi. Layin ya bi ta kan gidan Sukirno, ya tsallake na malamin. Bayan damina za a rushe. Da ciwo ya kwantar da malamin ya aiko a kira shi, Sukirno ya ce yana da aiki, alhali ko tsinke bai ɗaga ba ranar.

Sai ya ji muryar Bu Lastri, matar mamacin, ta dishe da kuka.

"Mas, ni ce. Ya bar maka saƙo."

Ta ci gaba da magana ta bayan ƙofa.

"Ya ce ya yi ta karkata layin har idonsa ya gaji. Duk inda ya kai shi, gidajen mutane da yawa ne za su tafi a madadin naka."

"Ya ce in yafe masa?"

Da ta yi masa ƙarya ma da ya karɓa, shi kansa ya sani.

"Bai ce ba, Mas. Cewa ya yi aikin daidai ne. Ka san shi da taurin kai."

"Na san shi mana! Tare muka koyi iyo a kogin nan."

Ya zare sakatar, ya ja kujeru gefe, ya sauke kejin kurciyarsa daga bakin ƙofa don kada makara ta buge shi. Maza suka tuɓe takalma suka shigo da ita suna kalmar shahada. Wani ya matsa ya ba shi wuri ya sa kafaɗa. Sukirno ya girgiza kai.

Da muryoyin suka yi nisa, ya tsaya shi kaɗai rungume da kejin, ƙofofin biyu a buɗe, yana kallon fararen furannin da suka zubo daga makarar a tsakiyar falonsa.