Gaɓa ta Huɗu

Shekara uku ke nan Mwanasiti tana ƙirga layukan dutse ɗaya, har ta kai ko kifi aka ajiye mata a faranti layi take gani a bayansa. Dutsen murjani ne da aka huda a ƙarƙashin teku, daura da bakin kogi, arewa da garin Malindi, aka zaro cikinsa kamar sandar rake, gaɓa bakwai. Murjani yakan ƙaru kaɗan kowace shekara ya bar layi. Shekarar da aka yi ruwa da yawa, kogi ya kwaso laka ya zuba a teku, layinta sai ya yi ƙyalli idan an haska shi da shuɗiyar fitila a ɗaki mai duhu. Aikinta ke nan, ta ƙirgo daga sama zuwa ƙasa, ta faɗi yaushe aka sha ruwa, yaushe aka sha fari.

Ta gaji da aikin, amma abin da ya jawo mata a gida ya fi gajiyar da ita.

Mahaifinta, dattijon da ake kira Mzee Kombo, shi duk ƙauyensu ke tambaya yaushe za a shuka masara, yaushe za a janye jirage daga ruwa. Bai taɓa shiga aji ba, amma shekaru a jere suke a kansa, kuma duk lissafinsa daga wuri ɗaya yake farawa: shekarar da ya yi aure, wadda kogi ya yi ambaliya ya tafi da ƙanensa Shee. Bara ranar Idi, ana cin shinkafa da kwakwa, ya sake ɗauko labarin. Ita kuwa ga gajiya, ga ɗan jin kan boko.

"Baba, shekarar aurenka fa fari aka yi. Babban ruwan ya riga aurenka da shekara goma sha ɗaya. Na gani a dutse."

"A dutse?" in ji shi.

"Dutse ba ya mantuwa, Baba."

Yayyenta suka kwashe da dariya. Tsohon ya wanke hannu ya tashi. Magana zarar bunu ce. Kafin wata ya zagayo, zance ya cika ƙauye cewa gigin tsufa ya kama Mzee Kombo, 'yarsa Dakta ma ta tabbatar. Masu zuwa tambaya suka ɗauke ƙafa. Abin yana cinta a rai, amma me za ta yi? Abin da ta gani ta faɗa.

Ranar wata Talata da hantsi, tana ɗakin bincike tana mayar da gaɓoɓin cikin akwatinsu, sai ga Famau ya leƙo. Shi ne mai nutson da ya huda dutsen, dattijo mai baki kamar reza, ya kawo tukwanen iskar nutso a cika masa.

"Dakta, har yanzu kina nan kina wa dutse tsifa? Wallahi da a ce zai yi magana da ya ce ki bar shi ya huta."

"Kai dai bari, Famau. Ni ma na gaji da shi."

Ya sunkuya yana duban gaɓoɓin. Kowace da lambarta da kibiya da aka zana da jan alƙalami tun a cikin jirgi, don a san inda ne sama. Ya ɗora yatsa a kan ta huɗu, ya washe baki.

"Ga tawa nan! Dubi kibiya kamar ta mai ilimi."

"Taka kamar yaya? Ni na zana su duka."

"Ina! Kin manta? 'Yar masunci guda, kina rungume da bakin jirgi kina ciyar da kifi da karin kumallonki. Kika miƙo min alƙalami kika ce in sa kibiya."

Ta tuna ranar, da igiyar ruwa, da ɗacin bakinta.

"Famau, ina kibiyarka take nunawa?"

"Inda na dosa mana. Ƙasa. Mai nutso ya taɓa nuna sama? Sama ai kowa ya san hanyarta."

Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta da ƙarfin faɗan ma, kuma laifin wa? Ita ce ba ta tambaya ba. Ta juya gaɓar, ta haɗa bakinta da na ta uku. Karayar ta zauna daram, babu 'yar tazarar da ta shekara uku tana ɗora wa laifin injin huda. Ta rufe taga, ta kunna fitila, ta ƙirgo daga sama sau uku. Layin nan mai ƙyalli, mafi kauri a duk sandar, ya sauka a kan shekarar auren mahaifinta.

Sake lissafin zai ci mata wata shida, amma ba shi ne a ranta ba. Ta naɗe gaɓar a zane ta shiga motar ƙauye.

Ta tarar da mahaifinta a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, shi kaɗai, da ƙoƙon gahawa da ya huce. Ya rame. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta warware zanen.

"Baba, kai ne da gaskiya. Ni ce na kifa dutsen. Ruwan a shekarar aurenka aka yi shi. Ka yafe min."

Ya karɓi dutsen ya juya shi a hannu, ya miƙo mata.

"A'a, 'yata. Kada ki ɓata aikinki don ki faranta wa tsoho rai."

"Wallahi ba haka ba ne, Baba. Zo in nuna maka."

"Na zauna na yi ta tunani tun bara," ya ce a hankali. "Da ina ganin Shee riƙe da akuyar walimata. Yanzu in na duba, sai in ce wataƙila wani ne. Ko fuskar tasa ma ban tabbata ba. Ki bar shi yadda kika rubuta."

Ta buɗe baki ke nan, sai ga Bi Mwanaidi maƙwabciyarsu ta biyo da kwandon iri a ka, ta tsaya tana duban hadarin da ya taso daga kudu.

"Mzee, barka da yamma. Wannan hadarin na shuka ne, ko na yaudara?"

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi hadarin, leɓensa ya motsa kamar zai amsa. Sai ya sunkuyar da kai, ya nuna 'yarsa da haɓa.

"Tambayi Dakta."

Mwanasiti ta dubi sama. Ruwan shekara ɗari biyu da suka wuce yana naɗe a takardunta, amma na gobe ba ta san komai a kansa ba. Bi Mwanaidi tana tsaye da kwandonta tana jiran amsa.