Abin da Ke Ƙarƙashin Lemo

Bibbiyu Siew Hong ta ɗaure jajayen ambulan ɗin kyautar kuɗi, ɗaya da sunanta, ɗaya da sunan mijinta, kamar kowace sabuwar shekarar Sinawa. A Singafo mai aure ke bayarwa, marar aure ya karɓa, ko da furfura ta cika masa kai. Tun bara kotu ta raba ta da Teck Meng, amma a danginsu babu wanda ta faɗa wa.

Falon mahaifiyarta ya cika maƙil. Ƙanenta Boon Kiat ya zo daga Suwidin da 'ya'yansa biyu da uwarsu, wadda bai aura ba. Ya rusuna ya miƙo hannu biyu.

"Yaya, ina nawa? Har yau tuzuru nake."

"Kai, ɗan nema!" in ji Goggo Ah Lian, ƙanwar mahaifinsu. "Uban 'ya'ya, kana layi da yara?"

"Can haka ake yi, Goggo. A zauna tare, a haihu. In an gaji, a raba kwanakin yara, kowa ya kama gabansa."

"Can ne. Nan da ƙuruciyarka ko gida ba za ka samu ba sai da takardar aure. Dubi yayarka, ita ce mutum! Siew Hong, ina surukin namu?"

"Yana wurin aiki, Goggo."

"Yau ɗin ma? Mutumin nan zai kashe kansa."

Aka yi dariya. Siew Hong ta miƙa wa ƙanenta ambulan biyu, ta ce Teck Meng yana gaishe shi. Ta kasa duban kujerar da mahaifiyarta ke zaune, matar da ta haƙura da miji mai zafin hannu har ta binne shi, ba ta taɓa yin yaji ba.

Tsohuwar tana ta ɓare wa jikoki gyaɗa.

Da Siew Hong ta tashi tafiya, uwar ta rako ta bakin ƙofa da lemo biyu na al'ada a jakar takarda.

"Riƙe da kyau, 'yar nan. Kin rame."

A cikin lif mai saukowa daga benen ta leƙa jakar. Ƙarƙashin lemon akwai jan ambulan guda, da sunanta cikin rubutun uwarta mai karkarwa. Rabonta da karɓa tun kafin bikinta.

Lif ya isa ƙasa, ƙofa ta buɗe, ta jira, ta sake rufewa.