Huji Huɗu a Bambar Kansila

Zubairu mutum ne da bai taɓa shakkar dabararsa ba, kuma a gaskiya ba kasafai take ba shi kunya ba. Tun da ya zama kansila ya sa aka ɗaura wa bambar motarsa wata jar lamba ta ƙari, a ƙarƙashin ta gwamnati, mai ɗauke da "Honarabul Kansila" da manyan baƙaƙe. Kowa a Talata Mafara ya san motar. Mutum ɗaya ne ya ƙi ta: mahaifinsa, Malam Isa na Damaga, wanda ya ce shi ba ya shiga motar da ke yi wa kanta kirari. Tun daga ranar, ko asibiti zai je sai dai a goya shi a babur. Abin yana ci wa Zubairu rai ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai ga Rumaisa, 'yar Zubairu, ta haihu a Dakko, aka ce sunan Malam za a sa wa yaron. Zubairu ya ƙudura cewa shi zai kai tsohon wurin suna, a motarsa, a kujerar gaba.

Ana gobe suna ya tafi wurin Surajo mai gyaran jikin mota, ya ce a kwance lambar har da ƙarfen da ke riƙe da ita. Da aka kwance, sai ga huji huɗu a bambar, baƙaƙe, suna kallon kowa. Surajo ya ce a bar masa motar ya cike su, ya goge, ya fesa fenti, amma sai jibi. Zubairu ya yi dariya, ya ce aikin da sitika ɗaya za ta gama ba ya buƙatar jibi. Ya tsallaka titi ya zaɓo doguwa koriya mai "Masha Allah" da rubutun Larabci, ya liƙa ta da hannunsa. Malami dai, in ji shi, ba zai yi faɗa da wannan ba.

Da safe ya kama hanyar Maradun. An kwana ana ruwa, motar ta sha taɓo kafin ya isa Damaga. Ya durƙusa a zaure aka yi doguwar gaisuwa, sannan ya sanar da Malam cewa lambar nan ta tafi.

Malam ya fito a hankali, don idonsa ya yi rauni. Ya sunkuya gaban motar, ya share taɓon da tafin hannu, ya kai fuskarsa kusa.

"Zubairu, mi kal liƙa nan?"

"Masha Allah ce, Baba."

"Sunan Allah kas sa ƙasa, inda taɓo ka hwantsama?"

Zubairu ya ji kunya ta rufe shi. Shi da ya zo da dabara, sai ga shi ya ƙara laifi a kan laifi, ya kuma tabbata yau ma babur za a kira.

Malam ya sa farce ya ɓare sitikar a hankali, ya goge ta da bakin rigarsa, ya sa a aljihun ƙirji. Sannan yatsansa ya faɗa cikin huji na farko. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har huɗun.

"Nan lambar take da?"

"Nan take, Baba. Jibi za a cike su, ba a ko ganin alama."

"A'a, bar su buɗe. In na shahwa, in san ta tahi."

Ya miƙe, ya laluba ƙofar gaba da kansa, ya shiga ya zauna, ya ce a yi sauri kar a raɗa wa takwaransa suna ba ya nan.