Tsintar Kayan Latifa Ranar Asabar

Da gangan Rachidou ya zaɓi ranar Asabar, kuma bai yi wa kansa ƙarya a kan haka ba. Yayarsa Raliatou ce ta kawo shawarar a gidanta na Clichy-sous-Bois, tana yanka albasa kamar da albasar take rigima.

"Ran Asibit za ka tahi," in ji ta. "Ba ta taɓa talho, ba ta shiga mato, ba ta kiran kowa. Ka ɗauko ɗiyarka ka hito. Mi za ta yi? Ta biyo ka da ƙahwa har Paris?"

Wadda ake nufi ita ce Madam Zerbib, surukarsa, Bayahudiya mai riƙon addini, wadda addininta ya hana ta kowane aiki ran Asabar, tana zaune a Villeurbanne, gefen Lyon. Ƴarta Inès ce ta auri Rachidou, injiniya ɗan Tahoua, kuma tsohuwar ba ta zo ɗaurin auren ba, ba ta kuma taɓa kiran sunansa ba. Monsieur take ce masa, kamar mai gyaran famfo. Da ciwo ya kwantar da Inès a wani asibitin Paris, shi kuma yana rabe tsakanin aiki da jinya, sai aka kai ƴarsu Latifa, mai shekara shida, wajen kakarta kafin a ga hali. Inès ta rasu ƙarshen sanyi. Tun daga nan kullum ya buga waya da abin da za a ce masa: a bari ta gama makaranta, tana tari, ana zafi. A kiran ƙarshe tsohuwar ta daina kwana-kwana, ta ce abin da mace Bayahudiya ta haifa na dangin uwa ne. Da ya gaya wa Raliatou, sai da ta yi salati ta ce tun da aka halicci duniya ɗiya ta uba ce.

Jirgin ƙasa ya sauke shi Lyon da hantsi, riƙe da akwati wanda babu komai a ciki. Bai danna ƙararrawa ba, don ya san ba za a amsa ba. Da makullin Inès ya buɗe ƙofar ƙasa, ya hau bene, ya ƙwanƙwasa da ƙarfin da ya wuce na baƙo.

Tsohuwar ta buɗe cikin farar rigarta ta Asabar. Ta dube shi, ta dubi akwatin, fuskarta ta haɗe.

"Yau, Monsieur?" ta ce da Faransanci, wanda shi kaɗai ne harshen da ke tsakaninsu. "Ka san ranar da ka zo?"

"Na sani sarai, Madam."

"Papa!" Latifa ta taso daga tebur a guje ta faɗa jikinsa. Ta yi tsawo, an yi mata wani irin ɗaurin gashi da bai sani ba, amma ƙanshin kanta bai canza ba. Daɗi ya kama shi, kuma a ransa ya ce magana ta ƙare, ga shaida nan.

Abinci suke ci, kifi da shinkafa. Yarinyar ta ja shi ya zauna kusa da ita. Ya jawo farantinta don ya zare mata ƙayar kifin, yadda ya saba tun tana rarrafe, sai ta riƙe masa hannu.

"A'a, Papa, yau ba a cire ƙaya. Naman ake ɗauka, a bar ƙayar a wurinta. Ko ba haka ba, Mamie?"

"Haka ne, Léa," in ji tsohuwar, ta miƙo hannu ta yago tsokar ta ajiye mata a gefe.

Léa kuma! Har suna an sake mata. Shi da ya tashi yana ganin uwarsa da faifai a cinya tana tsince tsakuwa daga shinkafa tana watsarwa, yau ƴar cikinsa ke koya masa cewa a bar datti a ɗauki abinci. Ya ji haushi ya turnuƙe shi.

"Sunanta Latifa," ya ce. "Ina kayanta? Yau za mu tafi."

Tsohuwar ta goge hannunta a hankali, ta kai shi ɗakin yarinyar, ta nuna masa wani babban kwando. Ranar Juma'a kafin rana ta faɗi ake tattara komai a zuba a ciki, don gida ya shiga Asabar a tsabtace. Kayan Latifa na ciki, da na tsohuwar, da na jikokinta na wajen ɗanta da ke zuwa hutu, duk a cakuɗe.

"Ba zan iya ware su yau ba," ta ce. "Abin da ya cakuɗe, ran Asabar ba a tsince shi. Sai dai ka ɗauki abin da kake so daga ciki, da hannu, kuma wanda za ka yi amfani da shi yanzu. In riga za ta sa yanzu, na ɗauko mata. Amma a ware na tafiya, ko a fitar da wanda ba a so, wannan ba na yi. Ka zauna. In taurari sun fito Asabar ta ƙare, ni da kaina zan shirya mata akwati."

Ya yi wata dariya mara daɗi. Bazara ake, taurari ba sa fitowa da wuri, kuma ya san abin da zai fito tare da su.

"In taurari sun fito waya ta tashi, ko? Ki kira ɗanki, ɗanki ya kira lauya."

Ba ta musa ba. Ga ta da son kai, amma ƙarya ba ta cikin halinta.

"To nuna mini nata, ni in tsince."

"Ba zan sa ka ba, ba zan nuna maka ba. Abin da aka hana ni ba na aika wani ya yi mini."

"Doka mai kyau," ya ce. "Ta hana ki raba riga da wando, amma ba ta hana ki raba ɗiya da ubanta ba."

"Kai ka fara raba ɗiya da uwarta," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ka ɗauke ta lafiyarta ƙalau, ka dawo mini da gawa."

Nan ne Rachidou ya fita hayyacinsa. Ya kife kwandon a tsakiyar ɗaki, ya durƙusa ya shiga tsinta irin ta gidansu. Duk abin da ba na ƴarsa ba ya ɗaga shi ya wurga bango. Ɗankwalin tsohuwa, bango. Gajeren wandon wani jika, bango. Wata ƴar rigar biki da bai san wanda ya saya ba, ita ma bango, ko da kuwa daidai Latifa take. Gaskiya ba kaya yake wurgawa ba, shekarun da ya yi ana ce masa Monsieur yake ramawa, kuma yana jin daɗin yin hakan a ranar da ta fi yi mata ciwo. Latifa na bakin ƙofa, murnar ɗazu ta gudu daga fuskarta.

Hannunsa ya kai kan wata jar rigar sanyi ta ulu, tsohuwa, gwiwar hannunta ta cinye, ko wanki ba a yi mata ba. Ya jefa ta can kan tsibin.

"Ta Maman ce!" Latifa ta yi ƙara. "Da ita nake barci!"

Ya tsaya. Bai taɓa ganin rigar ba. Da an bar shi da yarinyar kaɗai, da ya tashi ya ɗauko. Amma bakin tsohuwar bai iya shiru ba.

"Ba za ka san ta ba, Monsieur. Ta lokacin da take budurwa ce a gidan nan, tana da gata, kafin ta haɗu da kai."

"To ki riƙe abinki," ya ce, ya danne akwatin ya ja zif. "Tsumman gidan nan ba zai shiga gidana ba."

Ya kama hannun Latifa suka sauka. Ba ta yi kuka ba, kuma shirun nata ya fi kukan damunsa. Tsohuwar ta tsaya a saman bene hannu biyu a sake. Ba waya, ba mota, ba abin da za ta iya, kamar yadda Raliatou ta lissafa.

A tashar taram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, rana ta buɗe sosai. Mutane kaɗan ke jira, kowa ya laɓe a inuwa. Ya yi wa yarinyar alkawarin askirim, ya ce gwaggonta Raliatou ta dafa mata kaza, ya ce ya gyara mata ɗakinta. Ita dai tana kallon takalminta.

Can sai ga wani jan abu ya ɓullo daga kwanar layi. Mace ce, tana tafe da sauri tana ɗan karkata kafaɗa ɗaya, tafiyar Inès da ya sani kamar yunwar cikinsa. Ya ƙura mata ido, har ya manta yana riƙe da hannun Latifa.

"Maman!" Latifa ta fizge ta ruga.

Madam Zerbib ce. Inès ta taɓa gaya masa cewa ran Asabar uwarta ba ta ɗaukar komai a hannu zuwa titi, ko makulli. Abin da aka sa a jiki kuwa ba ɗauka ba ne. Shi ya sa ta zura rigar ƴarta a kan farar tata, cikin wannan zafi, ta biyo su da ƙafa, gumi na zuba a wuyanta. Yarinyar ta isa, ta ɗaga kai ta ga fuskar kakarta. Sai ta cusa fuska cikin ulun ta fashe da kukan da ta riƙe tun daga ɗaki.

"Na kawo mata," in ji tsohuwar da ya iso, tana haki. "Ba ta barci sai da ita."

Ko kawowa ta yi, ko tarko ta kafa, Rachidou bai sani ba, kuma wataƙila ita kanta ba ta tantance ba. Hannunta dai yana kan bayan yarinyar, kuma ba ta yi alamar cire rigar ba.

"Cire ki ba ta. Taram na zuwa."

Ya kama kafaɗar Latifa ya ja. Ta ƙanƙame ulun da hannu biyu. Ya sake ja da ƙarfi har ƙafafunta suka bar ƙasa, sai ta juyo ta kwarara ihu da Faransanci, yadda duk titin zai ji.

"Sake ni! Ba na son ka! Ka yar da Maman!"

Mutanen inuwa suka matso. Ya ga abin da suke gani: baƙin mutum mai akwati yana fizgar yarinya mai hasken fata daga jikin farar tsohuwa. Wayoyi suka fara ɗagowa. Duk lissafinsu da Raliatou a kan wayar tsohuwa ne, ba wanda ya tuna da na mutanen titi. Wani ƙato mai keke ya shiga tsakaninsu.

"Madam, kin san mutumin nan?"

Ta yi shiru tana kallon Rachidou. Shirun ya yi tsawo, kuma ya san da gangan take jan sa, yadda shi ma da gangan ya zo yau. Kalma ɗaya ta ishe ta ta gama da shi.

"Ubanta ne," ta ce daga ƙarshe, kamar wadda ke tofar da magani.

Mai keken ya ja baya, amma ba wanda ya watse. Rachidou ya saki kafaɗar ya tsugunna a kan kwalta, ya sassauta murya, ya koma Hausar da yake yi mata tun tana goye.

"Latifa, ɗiyata. Taho mu tahi gida. Da rigar za mu tahi, na yarda."

Ta leƙo da ido ɗaya. A kafaɗarta ya ga shatin yatsunsa ya yi ja. Ta ji abin da ya ce sarai, ya ga ta ji. Ta girgiza kai ta zagaya bayan kakarta, inda hannunsa ba zai kai ba.

Yana da ƙarfin da zai ɗauke ta, kuma babu dokar ƙasar da za ta hana shi. Amma ya dubi shatin nan ya kasa. Taram ya tsaya, ƙofofi suka buɗe, ya shiga. Ta taga ya ga jar rigar ta juya ta nufi gida, da ƙaramin hannu riƙe da gefenta. Ba wadda ta waiwayo a cikinsu.

Da sauran rana ya isa Clichy-sous-Bois. Tun daga matakala ƙanshin kaza ya tare shi, da hayaniyar matan da Raliatou ta gayyato don a tarbi marainiya. Ta buɗe ƙofa da guɗa a bakinta, ta karɓi akwatin, ta leƙa bayansa, ta leƙa ƙasan matakala.

"Ina take? Rachidou, ina ɗiyar? Tsohuwar ga ta kira ƴan sanda? Su suka hana ka?"



"Ba wanda ya hana ni, Yaya," ya ce. "Ita ta ƙi ni."