Matar da Tanti Zalihatu Ke Ciyarwa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Wadda ta shiga ɗakin wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani, haka Inna ta koya mini, kuma ni karatuna na boko bai yi nisa a lakwal ba. Amma mai gawar ce da bakinta ta ce in faɗa.

Ina shara a ƙofar gidanmu ran nan da safe na ji ƙarar ƙwarya. Yasir, maƙwabcinmu mai shagon kayan babur a kasuwar Dogon Dutsi, ya sa ƙafa ya kifar da furar da mahaifiyata, Inna A'i, ta ajiye a bakin zaurensu. Furar ta bi ƙasa tana gangarowa wajen tsintsiyata.

"Inna A'i!" ya ɗaga murya. "Na ce gidanga ba a ajiye ma iska komi. Ku bar wanga abu can Lugu inda kunka baro shi."

Inna ta leƙo, ta ɗauki ƙwaryar da hannun hagu, ta kakkaɓe. "Ba kai na ajiye ma ba, ɗan nan. Tahi shagonka."

Daga cikin gida muka ji muryar yayarsa, Tanti Zalihatu, tana dariya tana tari. "Yasir, ka zubar da karin kumallon baƙuwata. Ce ma A'i ta shigo, ita da Rahina."

Ni ce Rahina. Tun da Tanti ta dawo gida a farkon damina nake yi mata wanki da ɗaukar ruwa. Ta bar garin nan tun ba a haife ni ba, ta yi karatu a Yamai da Dakar, ta yi aiki a Faransa. Mutanen unguwa suna ce mata Dokotoro, suna kawo mata yara masu zazzaɓi, ita kuwa tana ce musu ba likitar allura ba ce, su tafi asibiti. Aikinta a labo yake, ɗakin bincike, kuma a kan abu guda: ciwon daji na mama. Shi ne kuma ya dawo da ita gida, bayan ya shiga ƙasusuwanta.

Furar ta samo asali daga wata hira. Wata rana da la'asar ina matsa mata ƙafafu, Inna tana tsince zogale, Tanti ta yi mana bayanin aikinta. Ta ce akwai irin wannan ciwon da ke cin wani sinadari da jikin mace ke yi, kamar yadda gero ke shan ruwa. Akwai ƙwayar da ake sha kullum ta toshe masa baki. Sai ya kwanta, shekara da shekaru. Amma a jikin wasu matan, wata rana sai ya koyi ci ta wata ƙofa, ƙwayar ta daina aiki.

"Ƙohwar nan nika nema tun ina yarinya," in ji ta. "Na samu ƙarama guda. Akwai saura."

"Da mi kike nemanta?" Inna ta tambaya.

Sai Tanti ta ce akwai wata mata da ciwon ya kashe tun da daɗewa, a wata ƙasa. Kafin ta rasu an ɗebi ɗan abu daga ciwonta, kuma har yau yana raye a cikin kwalabe, yana girma. A kansa suke gwada magani. Ta ce ita ke ba shi abinci, wani ruwa mai launin ja-ja, ko ranar salla sai ta je ta duba shi.

Inna ta ajiye faifai. "Matar ta mutu, kina ba ta abinci?"

"Ba matar ba, A'i. Ɗan naman ciwon."

"Shekara nawa?"

"Sun hi ashirin."

"Yanzu da kika taho, wa ka ba ta?"

Inna 'yar Lugu ce. A gidan mahaifinta akwai doguwa, iskar gida, wadda ake zuba wa fura a gindin wata tsamiya, kuma kowa a can ya san abin da ke samun wanda ya saba ciyar da irin waɗannan ya daina. Washegari ta fara ajiye ƙwarya a ƙofar su Tanti.

Abin da Yasir bai sani ba, furar ba don yayarsa kaɗai ba ce. Inna tana da ƙullutu a maman dama. Na gan shi tun bazara, wata rana tana canza zane, fatar wurin ta lotsa ciki kamar an ja ta da zare. Ta ce doguwar gidansu ce, don tun da ta yi aure ta zo gari ba ta koma ta zuba mata komai ba. Ta ce idan na faɗa wa wani ba ta yafe ba. Ban faɗa ba. Amma ita ce mai wankan gawar matan unguwarmu, kuma hannun ya fara yi mata nauyi, har ta soma tafiya da ni ina riƙe mata buta.

Da muka shiga ran da aka kifar da furar, Tanti tana kwance a kan katifa a ƙarƙashin rumfa, waya a hannunta. Ta kira wata ɗalibarta, ta juya mana fuskar wayar. Muka ga wata budurwa da farar riga da safar hannu, tana zuba jan ruwa a cikin wata kwalba mai faɗi. Ta ɗago mana hannu tana murmushi.

"Kin gani, A'i? Ana ba ta. Ba ta taɓa kwana da yunwa ba."

Inna ta matso da fuskarta har ta kusa taɓa wayar. "Ina take?"

"A ƙasan kwalbar. Ido bai ganinta."

Inna ta daɗe tana kallo. "To in ta ƙoshi, mi ya kama ki?"

"Abin da ya kama ki," in ji Tanti.

Inna ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Bar yarinya, ba ta ce komi ba. Tun da na zo kike ɗaukar ƙwarya da hagu, ke da ba bahaguwa ba. Ki tahi Yamai a duba ki. Na yi magana da wadda za ta karɓe ki."

"Su yanke ni?" Muryar Inna ta tashi. "Ni ka wanke matan garinga, Dokotoro. Na wanke biyu da aka yanka. Ɗinkin ko bushewa bai gama yi ba. Wadda aka sa ma wuƙa ba ta ganin wata damina."

"Sun tahi a makare."

"Ke da kin tahi da wuri, ga ki kwance. Maganin naku bai hana ki ba."

Na so ƙasa ta buɗe. Tanti ba ta yi fushi ba. Ta kama bakin rigarta za ta ɗaga. "Zo ki ga wani abu."

Inna ta kawar da kai da sauri, ta miƙe. "Subhanallahi. Ni ba ni kallon tsiraicin mai rai."

"To," in ji Tanti, ta saki rigar. "Sai ki jira kaɗan. Ba zan daɗe ba."

Daga ranar Inna ba ta ƙara ajiye fura ba, ba ta kuma ƙara shiga gidan ba. Ni na ci gaba da zuwa. Tanti ta daina cin tuwo, sai kunu, daga baya sai ruwa a cokali. Wani lokacin tana barci sai in ga hannunta yana motsi a sama, babban yatsa yana dannawa a hankali, kamar tana zuba wani abu a kwalbar da ba ta nan. In na riƙe hannun sai ta buɗe ido ta ce, "An ba ta?" Ni kuma in ce an ba ta.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da ta sa aka kira Yasir da Inna. Inna ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Yasir, A'i za ta wanke ni, Rahina ta zuba ruwa."

"Yaya, akwai matan masallacinmu da sunka yi karatun..."

"A'i na ce." Ta huta. "Kuma abin da sunka gani, na ba su. Su hwaɗa ma duk macen da ta tambaya."

Yasir ya share ido da hularsa, ya ce to.

Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, ana yayyafi. Muka shiga ɗakin, ni da Inna, aka rufe ƙofa. Inna ta yi bismilla, ta naɗe tsumma a hannu. Da ta zare rigar, wani abu mai taushi kamar ɗan matashin kai ya faɗo daga ɓangaren hagu ya gangara gefen tabarma. Babu mama a wurin. Sai layi guda daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata.

Ina riƙe da buta ina jira ta ce in zuba. Ba ta ce ba. Inna ta san tabo. Ta wanke na kaciya da na ƙuna da na haihuwar da aka yi wa aiki, tana iya faɗin shekarunsu kamar yadda ake duba haƙoran akuya. Ta cire tsumman, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta bi layin da ɗan yatsanta tun daga farko har ƙarshe. Ya kwanta lumui, ya yi laushi, launinsa ya saje da fata.

"Wanga ya tsuhwa," ta ce a hankali. Ba da ni take ba. "Wanga ya girmi auren Yasir. Ya ga damina da yawa."

Ta zauna a kan dugaduganta. Ruwa yana ɗiga daga indararo. Na ga hannunta na hagu ya shiga ƙarƙashin mayafinta ya tsaya a can.

"Ja'ira," ta ce wa gawar. "Da shi kika yi ta yawon duniya."

Sannan ta mayar da tsumman. "Zuba, Rahina."

Muka gama, muka sa mata likkafani. Inna ta ɗauki ɗan matashin ta riƙe, ta rasa inda za ta sa shi. Daga ƙarshe ta ajiye a kan taga. Maza suka ɗauke ta kafin azahar.

Har yanzu in na wuce zauren nan ina jin kamar za a tambaye ni ko an ba ta. Ina tuna matar cikin kwalba, wadda ban san sunanta ba, tana can tana girma a ƙasar da ban taɓa zuwa ba, wadda ta ciyar da ita kuma tana ƙarƙashin ƙasa a bayan dutse. Amfanin da zuwa Yamai zai yi wa Inna ban san iyakarsa ba. Tanti ma ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Da yammacin ranar da aka binne ta, muna zaman makoki, na ga Inna ta sake kai hannu ƙarƙashin mayafinta. A nan na ƙudurta zan shirya mana tafiya Yamai.

Washegari bayan sallar asuba na dama fura a ƙwaryar nan da Yasir ya kifar, mai tsaguwa a baki. Na ninke zannuwan Inna biyu da nawa ɗaya na sa a jaka, na ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, na tsaya ina jira ta yi mini faɗa. Ta fito ta dubi jakar, ta dube ni. Ta karɓi ƙwaryar ta fita waje, na bi ta da jakar. A bakin zauren su Tanti ta tsiyaya kaɗan a ƙasa, ta shanye rabi, ta miƙo mini sauran.

Yasir yana tsaye a ciki da buta a hannu, yana kallonmu. Ya dubi jakar da ke hannuna, ashe Tanti ta riga ta faɗa masa zancen Yamai. Ya ajiye butar, ya turo babur ɗinsa waje, ya ɗaura jakar a baya.

"Motar Yamai ba ta jira," ya ce. "Inna A'i, hau."

Ta kama kafaɗarsa da hagu ta hau. Na bi su a ƙafa zuwa tasha, ƙwaryar tana hannuna, na manta ban ajiye ta ba.