Ɗinkin Baffa a Mariƙin Libarba

Shekara huɗu na yi ina bin sawun bindiga guda ɗaya, kuma da bakina na ɓata komai cikin minti goma. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ina tara tsofaffin ƙananan bindigogin yaƙi, irin waɗanda aka kashe. An toshe bututun, an naƙasa cikin, an haɗa da takardar shaida cewa ko gyaɗa ba za su iya harbawa ba. Guda shida gare ni a cikin akwatin gilashi a gidanmu na unguwar Whalley Range, a nan ƙasar Turawa. Matata Sabuwa tana kiransu ƙarafan Baban Inaya. Takan ce mazan mutane suna kallon ƙwallo ranar Asabar, nata mijin yana can da gilashin ƙara girma yana karanta lamba a jikin tsatsa.

Amma duk shidan nan rakiya suka yi. Wadda nake nema daban take.

Kakana na wajen uwa, Ɗan'azumi, baduku ne a Kano kafin a ɗauke shi soja a kai shi yaƙin Bama. A can ya zama mai yi wa wani hafsa hidima, Kyaftin Ashworth. Shi ke goge masa takalmi, shi ke goge masa libarba, ƙaramar bindigarsa ta hannu. Ruwan sama da gumi suka sa mariƙin libarbar yana sulɓe wa Kyaftin daga hannu, sai kakana ya zaro jar fatar da ya taho da ita tun daga gida, ya naɗe mariƙin, ya ɗinke da basilla. Wannan labari na ji shi a bakin mahaifiyata, Inna Hajo, ya fi sau ɗari. Tana da shekara tara ya rasu. Duk abin da ya ɗinka a rayuwarsa sayarwa ya yi, kayan aikinsa kuma 'yan'uwa suka raba. Ko hotonsa babu. Abin da ya rage mata kawai shi ne ta san ɗinkinsa, domin a gefensa take zama tana miƙa masa zare: bayan kowane ɗinki bakwai sai ya koma baya guda ɗaya ya ƙulle.

Na sha wahalar neman nan. Na ƙone ranakun hutuna a ɗakunan ajiye tsofaffin takardu, ina buɗe fayil bayan fayil, ana kawo mini wanda ban nema ba, wanda na nema a ce ya ɓata. Na rubuta wa mutum goma sha ɗaya masu suna Ashworth. Tara ba su kula ni ba, ɗaya ya ɗauka ɗan damfara ne ni, ya kuma gaya mini hakan ba kunya. Ta ƙarshe, wata dattijuwa Alice, ita ce jikar Kyaftin ɗin. Ta aiko mini da hoton shafi guda daga littafin da yake rubuta abubuwan da suka faru da shi kullum. Ga sunan kakana, ga zancen jar fata, ga lambar bindigar a gefe. Sai dai bindigar ta bar gidansu tun lokacin da aka tsaurara doka, aka kashe ta, aka sayar. Daga nan ta shiga hannu huɗu. Biyu sun mutu, ɗaya ya manta wanda ya sayar wa, ɗaya kuma sai da na bi shi wata takwas kafin ya amsa waya.

A cikin wannan hali Inna ta zo wurinmu daga Kano duba idonta. Likitoci suka yi gwaje-gwajensu suka ce an makara, ba abin da za a iya yi. Ba ta nuna damuwa ba. Ta ce ido dai ya tafi, amma yatsunta suna nan, in na samo bindigar nan in ɗora mata a hannu, za ta gaya mini ko ɗinkin Baffa ne, haka take kiran mahaifinta. Bizarta ta kusa ƙarewa, saura kwana tara jirginta ya tashi, sai ga hoton libarbar a shafin intanet na wani kanti a Birmingham. Lamba ta yi daidai. A mariƙinta ga wani abu baƙi-baƙi, ja-ja.

Washegari, Asabar, na hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly ko karyawa ban yi ba.

Kantin ɗan ƙarami ne a wani lungu, a unguwar da aka yi suna da ƙera bindigogi. Mai shi wani dogon tsoho ne, Jeremiah, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani daga barci. Ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, ya ɗora mini ita. Samfurin Webley ce, ƙirar garin, ta koma gida ke nan bayan yawon duniya. Fatar ta yi duhu, ta yi sulɓi saboda hannaye, amma ba ta ɓare ko'ina ba. Na bi ɗinkin da babban yatsana. Ɗaya, biyu, har bakwai, sai ga ƙulli. Na sake ƙirgawa, ga wani ƙullin. 

To, a nan ne shaiɗan ya raɗa mini cewa ni ɗan Kano ne.

Tun ina riƙe da gefen mayafin Inna a kasuwar Kurmi ta koya mini abu guda: kada mai kaya ya ga so a idonka. In ka ga abin da ranka ya kwanta da shi, ka sha mur, ka juya shi, ka nemo masa aibi. In babu aibin ka ƙirƙiro. Sannan ka ajiye, ka kama hanya, shi da kansa zai kira ka. Na ce a raina in wannan tsohon ya san kakana ne ya yi ɗinkin nan, ai ya samu saniyar tatsa. Don haka na yamutsa fuska. Na ce bindigar ba laifi, amma wannan ƙazamar fata fa? Na ce wani ne ya ɓata ta, ba haka ta fito daga masana'anta ba, masu tara kaya na gaske ba sa son irin wannan ƙari. Na ce wa ya sani ma ko tsatsa ce cike a ƙarƙashinta. Har sai da na ɗan ture ta da bayan hannu. Allah ya yafe mini, na iya wasan ƙwarai.

Jeremiah bai yi musu ba, bai rantse ba, bai ce albarka ba. Ya dai gyaɗa kai, ya ce ya fahimta, ya naɗe ta a ƙyallenta.

Na fita ina tafiya a hankali, ina jiran kira. Na kai bakin lungu ba a kira ni ba. Na tsaya ina daddanna waya kamar mai neman hanya, yayyafi yana jiƙa ni, na yi kusan minti ashirin. Komawa kuma a lokacin faɗuwa ce, ya gane ina so ke nan. Sai na yanke shawarar in bar shi ya kwana biyu yana tunanin ya rasa ciniki.

Da na gaya wa Sabuwa a kicin, ajiye ludayin ta yi ta dube ni.

"Baban Inaya, ka taɓa ta da hannunka, ka baro ta? Four years fa. Wannan mutumin ba ɗan Kurmi ba ne, bai san wannan game ɗin naka ba. Ka kira shi yanzu ka gaya masa gaskiya."

Na ce ta bar ni da shi, ciniki ba aikinta ba ne, ita da ko a car boot sale, kasuwar gwanjo, duk abin da aka faɗa shi take biya. Ta ce to, ta ci gaba da juya miyarta. Inna kuwa na ce mata an samu, ana gyara takardu ne kawai. Tun daga ranar ta fara ƙirga kwanaki, kullum da safe sai ta tambaye ni, "Auta, yau ne?"

Ranar Laraba na buga masa waya, ina jan murya kamar wanda ya kira don wani abu daban. Ya ce ya ji daɗi da na kira, bindigar tana nan, kuma ya yi wani abu da yake ganin zai faranta mini rai. Na ɗauka ragi ne. Har na kalli Sabuwa na ɗaga mata gira.

Ranar Juma'a na ɗauki hutu na koma. Ya shimfiɗa ƙyallen nan, ya ɗora ta, ya ja da baya yana murmushi kamar tela da ya gama ɗinkin salla. Ƙarfen yana ƙyalli. Mariƙin baƙi ne wuluk, mai ƙananan zane, irin na masana'anta. Na ɗauka wata ya kawo mini bisa kuskure, sai da na duba lamba.

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce maganata ta tsaya masa a rai, kuma na yi gaskiya. Ranar Litinin ya sa reza ya farke fatar. Babu tsatsa ko kaɗan, ya ce, duk wanda ya yi naɗin ya san aikinsa, don sai da ya yanka ta gunduwa-gunduwa kafin ta saki. Asalin mariƙin ma yana ƙarƙashi lafiya lau, wanke shi kawai ya yi. Kuma ba zai ƙara mini komai a kan aikin ba.

Na tambaye shi ina fatar. 

Ya ce ya zuba a shara. An kwashe ranar Talata da safe.

Ban yarda ba. Na sa ya buɗe mini ƙofar baya, na durƙusa da wandon Juma'ata a cikin jiƙaƙƙen lungu, na kifar da kwandon. Kwalaye, kofunan shayi, ɓawon ayaba. Na shiga ɗakin aikinsa na bi ƙasan tebur da tafin hannu ko zan samu guntun zare. Mutumin nan mai tsafta ne, Allah ya sani, ya share ko'ina tas. Na kira kamfanin da ke kwashe sharar, aka bar ni da kiɗa a kunne, daga ƙarshe wata ta gaya mini abin da aka kwashe ranar Talata ya riga ya wuce inda ake dawowa da shi.

Sai a lokacin na gaya wa Jeremiah gaskiya. Na nuna masa shafin da Alice ta aiko. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna a kan kujera. Fuskarsa ta yi ja.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?" in ji shi. "Shekara arba'in ina sayar da ƙarfe, labarin ne kullum ba na samu. Da ka faɗa, da ko taɓa ta ban yi ba."

Na so in yi masa ihu. Na so in ce wane irin ɗan kasuwa ne kai da za a kushe maka kaya ka yarda? Ba ka san ana kushe abu don ana son sa ba? Amma da wane baki? Abin da na ce shi ya ji, kuma abin da ya ji shi ya yi. Haushin da nake ji ya rasa inda zai sauka, sai ya dawo kaina. Na biya abin da ya faɗa tun farko, ban nemi ragin ko kwabo ba, na karɓi takardar shaida na fito.

La'asar sakaliya na iso gida. Inna tana zaune a falo kusa da hita, ta yi wanka, ta sa sabon mayafi kamar mai jiran baƙo. Sabuwa ta ga fuskata daga bakin ƙofa, ta ja 'yarmu Inaya suka shige ciki. Hakan ya fi mini zagi ciwo.

Na durƙusa na ɗora wa Inna bindigar a cinya. Ta yi bisimilla, ta lalubo bututun, ta gangaro a hankali har mariƙin. Yatsunta suka tsaya. Ta juya ta, ta shafa ɗaya gefen. Ta bi ƙasan da farce tana neman inda ɗinki ya fara. Sannan ta ɗaga ta kai hanci, ko za ta ji ƙanshin jima. Ni ma daga inda nake ina jin abin da ta ji, man goge ƙarfe ne kawai.

"Auta, ba ita ba ce."

Na ce ita ce, Inna. Na kwashe komai na gaya mata, ban rage ba, har ture ta da na yi da bayan hannu. Na ce yadda kika koya mini na yi.

Babban yatsanta ya yi ta kai da komo a kan baƙin mariƙin, yana tsayawa a inda babu komai.

"Na koya maka," ta ce. "Amma ban taɓa gaya maka halin Baffa ba. Shi in mutum ya zo ya kushe masa aiki, ba ya jayayya. Hannu yake miƙawa ya karɓe abinsa, ya ce ba na sayarwa ba ne. Ko mutum zai dawo da ninki biyu ba zai ba shi ba."

Ta miƙo mini bindigar da hannu biyu.

"Ungo, kai ta cikin sauran ƙarafanka. Ya karɓe abinsa."